Zauren Kaka: Inda Wasa Yake Riƙe da Tarihin Gida

A cikin dukan dangantakar da Bahaushe ya gada, babu wadda aka sassauta wa ƙa'idar kunya kamar wadda ke tsakanin kaka da jikansa. Yaron da ba ya iya haɗa ido da mahaifinsa, wanda in an kira shi sai ya durƙusa ya karɓi saƙo kansa a sunkuye, shi ne kuma za ka tarar da la'asar a zaure ya cire wa mahaifin mahaifin nasa hula, yana jan gemunsa, yana ce masa, "Tsoho mai ran ƙarfe, yaushe za ka tafi mu ci gumba?" Dattijon kuwa, wanda in ya yi gyaran murya gida duka yakan yi tsit, sai ya kai masa dukan wasa da carbi, ya ce, "Ja'iri, ba inda za ni sai na ƙwace matar da za ka aura." Baƙon da bai san al'adarmu ba yana iya ɗaukar wannan rashin ladabi, alhali kuwa ladabi ne mai tsari, wanda magabata suka ajiye shi a wurinsa da hikima, domin ta wannan ƙofa ce kaɗai yaro yake samun damar tambayar babba abin da ya ga dama, kuma ta nan ne labarin asalin gida yake gangarowa daga zamani zuwa zamani.

Dalilin haka a fili yake ga wanda ya tashi a gidan gandu. Tsakanin uba da ɗa akwai haiba, tsakanin uwa da ɗan farinta akwai alkunya mai tsanani, har ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Saboda haka idan lokacin yaye ya yi, gidan kaka ake kai yaro, sau da yawa ma can ake barinsa riƙo, musamman in ɗan fari ne. Can zai tarar da tsohuwa tana kiransa maigida, tana ƙorafin cewa wannan miji nata ba ya kawo cefane; 'yar'uwarsa kuma kishiya ce a wurin tsohuwar, amarya a wurin tsohon. Ranar da samari suka fara sallama da yarinyar, tsohon ne zai fito ƙofar gida ya ce matarsa ce, ba zai sake ta ba sai an biya shi da goro. A wurare da yawa kuma, idan watan cika-ciki ya kama, jikoki da kakanni da taubasai sukan bi juna bashin kuɗin shara, ana ja-in-ja ana dariya. Ko sunan yaro ma yakan bi wannan hanya, gama idan aka mayar da sunan kaka, matan gida ba za su iya kiransa gatsal ba saboda kunyar suruki, sai ka ji ana Abba, ko Baba, ko Babangida, ko Maisuna. Ta haka sunan mutumin da ya rasu tun kafin zuwan mota yake nan da rai a bakin 'yan makarantar allo.

Malamanmu ba su ga aibin wannan sassauci ba matuƙar bai kai ga alfasha ba, domin sun san asalinsa a cikin sira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hannun kakansa Abdulmuɗɗalibi ya zauna bayan rasuwar mahaifiyarsa, daga yana shekara shida zuwa takwas, kuma masu sira sun ambata cewa tsohon yakan zaunar da shi a kan shimfiɗarsa ta inuwar Ka'aba, wadda 'ya'yansa na cikinsa ba sa zama a kanta don girmamawa. Da shi kuma ya zama kaka, an ruwaito ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu, an kuma ruwaito ya tsawaita sujada domin jikansa ya hau bayansa, bai so ya gaggauta shi ba. Wanda ya karanta Shama'il na Imamu Tirmizi ya san yadda ya yi wa wata tsohuwa raha game da shiga Aljanna, ta tsorata, sa'an nan ya bayyana mata cewa da ƙuruciya za a shiga. Raha da tsufa dai tana da sanadi.

Tsufa kuwa da kansa yake kawo abin dariyarsa, kuma dattawan kirki su ne na farkon yin dariyar. Haƙoran da suka fasa rake da ƙashi sun tafi, goro sai an goga a magogi; tsoho ya tashe gida da neman tabarau alhali yana bisa goshinsa; ya kira jika ɗaya da sunayen mutum biyar kafin ya faɗo kan nasa; ya yi gyangyaɗi rediyo na kunne a kafaɗarsa, amma da an miƙa hannu za a kashe sai ya buɗe ido ya ce yana ji. In ya tashi daga buzu gwiwoyi suka yi ƙara, shi ne zai ce wa yara su saurara, ƙafafunsa suna gaishe su. Ni a ganina wannan raha ibada ce a ɓoye, domin mutumin da ya iya yi wa rauninsa dariya ya yarda da hukuncin Ubangijinsa, ya kuma sauƙaƙa wa masu jinyarsa nauyin da ke kansu. Tsohon da ya ƙi a taɓa shi da wasa, wanda kullum fuskarsa a murtuke, yara sukan gudu daga zaurensa, kuma duk abin da ya sani da shi za a binne shi.

Babu inda wannan raha ta fi armashi kamar wajen gardamar shekaru. Mafi yawan dattawanmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, shi ya sa da aka zo zamanin fasfo da katin ɗan ƙasa da takardar rantsuwa a kotu, sai aka wayi gari jama'a masu ɗimbin yawa an haife su ran 1 ga Janairu. Amma a majalisar bayan la'asar ba da takarda ake lissafi ba. Wani zai ce lokacin zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna, watau 1956, shi har an yi masa kaciya ya fara kiwo. Abokinsa ya ce shi a lokacin ya sauke izu goma, saboda haka a ba shi girmansa. Wani ya auna aurensa da canjin hannu na 1972, wani ya auna haihuwar ɗansa da canjin kuɗi na 1973, sa'ad da fam da sule suka ba naira da kwabo wuri. Waɗanda suka gabace su kuwa da yunwa suke lissafi: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942, ko da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, ko da komowar sojan da aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu. Yaro yana gefe yana dariyar tsofaffi suna musu a kan wanda ya girmi wani da damina ɗaya, bai sani ba ana karanta masa tarihin ƙasarsa ne babi babi.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi lissafi da ni, gama lissafin yana da nauyi. Dattijon da yake da shekara tamanin a yau, an haife shi a tsakiyar shekarun 1940. Idan Allah ya sa ya tarar da kakansa da rai, ya zauna a gabansa yana ɗan shekara goma, to, wannan kaka yana iya zama haifaffen wajen 1885, wanda yake saurayi ne sosai sa'ad da Nasara suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, aka kuma yi yaƙin Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Mai yiwuwa ma ya ga basasar Kano ta Tukur da Yusufawa yana yaro. Ashe ke nan tsohon da muke tsokana da maganar gumba, tsakaninsa da zamanin da ba a san Bature ba mutum ɗaya ne tak. In da a ilmin hadisi ne, da sai a ce isnadinsa maɗaukaki ne, a yi tafiyar wata guda domin a ji daga bakinsa. Waɗannan su ne na ƙarshe da suke da irin wannan riwaya, kuma kowace shekara raguwa suke yi.

Sarakuna da manyan malamai ba su yi sakaci da nasu ba. Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Ida'un Nusukhi, ya rubuta malaman da ya yi karatu a wurinsu, da yawansu baffanni da kawunnai, kuma zuriyarsu ta kiyaye nasabarta har zuwa Musa Jakollo, wanda ya taso daga Futa Toro ya sauka ƙasar Ƙonni. Wangarawan Kano sun rubuta asalinsu tun a tsakiyar ƙarni na 17. Waziri Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani, Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano ta Dabo Cigari, Sardauna Ahmadu Bello kuma, a littafin rayuwarsa na 1962, bai bar mai karatu cikin duhu ba game da cewa shi jikan Sarkin Musulmi Atiku na Raba ne. Gidajen sarauta suna da maroƙa da makaɗa waɗanda aikinsu ke nan, su riƙe sunayen kakanni a cikin kirari. Amma manomi da maƙeri da majemi da marini, da falken da ya ƙare rayuwarsa a kan hanyar Gwanja, su wa ya rubuta? Kundinsu shi ne tsohon da ke zaure.

Abin da zai nuna mana darajar wannan kundi shi ne labarin Baba ta Karo. Tsohuwa ce Bahaushiya wadda ba ta yi karatun boko ba, ba ta kuma haihu ba. Wata Baturiya, Mary Smith, matar mai binciken nan M. G. Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗi, aka buga littafin a 1954, bayan Baba ta rasu a 1951. Da ta tashi ba da labarinta, daga kakanni ta faro, yadda asalinsu ya fito daga Barno, da yadda suka kafa rinji, da yadda mahara suke kama mutane a sayar, da yadda ake fansar wanda aka kama, da auren gida da zumunci da wasannin dangi. Yau fiye da shekara saba'in jami'o'in duniya suna karanta maganar wannan tsohuwa domin su san yadda talakan ƙasar Hausa ya rayu kafin Turawa da bayan zuwansu. Ba wani abu ta fi kakanninmu da shi ba, illa dai ita an samu wanda ya zauna ya saurara da alƙalami a hannu.

Kuma wanda ya saurara zai sha mamaki, domin da wuya a sami gidan da bai yi tafiya ba. Sunayen unguwannin birnin Kano kaɗai sun isa shaida: Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Ayagi, da Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riƙe fataucin goro, kowannensu da inda ya fito. Daga cikin Agalawa ne Alhaji Alhassan Ɗantata ya tashi, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, tattaɓa-kunnensa kuma, Aliko Ɗangote, duniya ta san shi. Wani gidan zai gano cewa ƙanen kakansu ya tafi Salaga ko Kumasi bai komo ba, zuriyarsa suna can zango suna jin Hausa har yau. Wani ya gano cewa rabin danginsu sun bi hijira gabas bayan Burmi, suna Mai Wurno a bakin Kogin Nilu a Sudan. Wani kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata ce ta raba wa da ƙane, ɗaya a Katsina ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Daura ɗaya a Damagaram. Dā tsagar fuska takan faɗi wannan tun kafin mutum ya buɗe baki. Tsaga ta tafi, kuma ba na kukan tafiyarta, amma abin da take faɗi yana bukatar wani mazauni.

Sai dai wajibi ne a faɗi wata gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Riwayar zaure tana da nata rauni, domin ɗan Adam yana son ƙawata asalinsa. Kusan kowane gida daga Gabas ya fito, ko daga Barno, ko daga Malle, kakan farko kuwa in ba malami ba ne to ɗan sarki ne da aka hana gadon sarauta ya yi fushi ya bar gari. Ba ka cika jin wanda ya ce kakansa Bamaguje ne da ya musulunta a hannun wani malamin ƙauye ba, balle wanda zai ce kakarsa baiwa ce da aka kamo daga kudancin Zazzau ko Bauci ko Adamawa, alhali kuwa bayi sun yi yawa ƙwarai a ƙasar nan a ƙarni na 19, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Nijeriya ta Arewa ba sai 1936. Zuriyar waɗannan bayin Allah ba su ɓace ba, mu ne. Sarakuna da yawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, shari'a kuma ta ba su cikakkiyar nasaba da gado, ba wanda ya rage su da komai. Mai neman tarihin gidansu domin alfahari ya ɓata niyyarsa tun daga farko, gama hadisin da ya kwaɗaitar da sanin nasaba ya ɗaure shi ne da sada zumunci, Alƙur'ani kuma ya sanya fifiko a taƙawa. Abin lura shi ne, irin wannan magana mai nauyi jika ne kaɗai yake iya fito da ita. Ɗa ba zai tambayi ubansa ko su bayi ne ba. Jika kuwa zai tambaya cikin wasa, tsohon ya yi dariya, ya yi shiru, sa'an nan wata rana da dare, in ya ga yaron ya yi hankali, ya gaya masa.

Akwai kuma wata mas'ala ta fikihu da take ɓoye a ƙarƙashin wasan nan na "me za ka bar mini in ka mutu", wadda na ga ta raba zumunci a gidaje ba ɗaya ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar sauran mazhabobin Sunna, jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya gadon kakan muddin akwai ɗa namiji da rai. Baffanninsa sun shamakance shi. Sau da yawa kuwa wannan maraya shi ne wanda ya tashi a zauren tsohon, shi ya ɗebo masa ruwan alwala, shi ya ja masa hannu zuwa masallaci da idonsa ya raunana. Shari'a ba ta rufe ƙofa ba: kaka yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba, yana kuma da ikon yin kyauta tun yana da lafiya, a miƙa ta hannu da hannu a gaban shaidu. Ƙasar Masar ma tun 1946 ta mayar da irin wannan wasiyya wajibi a dokarta. Mu a nan abin yana hannun tsohon, kuma da yawa sukan yi ta jinkiri, suna ganin ambaton wasiyya kamar kiran ajali ne, har ajalin ya zo. Dattijon da ya iya yin raha da mutuwarsa kullum da la'asar bai kamata ya ji nauyin kiran malami da shaidu biyu ya rubuta wa marayan ɗansa gona ko ɗaki ba.

Yanzu zaman gandu yana watsewa. Ɗa ya yi aure ya kama haya a wata unguwa, ko aiki ya kai shi Abuja ko Legas ko Yamai. Yara suna ganin kakansu ran Salla, a shigo da su cikin sababbin kaya, su durƙusa su gaishe shi kamar baƙo, a ba su barka da salla, a mayar da su mota. Wasu iyayen ma, da kyakkyawar niyya, sukan kwaɓi yaro in ya tsokani tsoho, suna zaton tarbiyya suke yi. A yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Barno kuwa, inda rashin tsaro ya tashi garuruwa, tsofaffi da yawa suna zaman gudun hijira nesa da kushewar iyayensu da gonakin da suka san iyakarsu itace da itace, kuma in suka tafi, ba wanda zai iya nuna inda kan iyakar take ranar da aka koma. Gaskiya ne zuriyoyi da dama sun kafa taron shekara, sun buɗe zaure a WhatsApp, wasu har sun buga littafin zuriya mai rassa. Wannan abin yabo ne, amma jerin sunaye ba ya gaya maka dalilin da ya sa kakanka ya bar garinsu, ko abin da suka ci a shekarar 'Yar Gusau, ko wane ne ya ba shi rancen jarin farko.

Wuraren ajiya suna nan, ba a rasa su ba: Gidan Arewa a Kaduna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a can Kaduna ɗin, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da hukumar tarihi mai sunan Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar nazarin tarihin baka da ke Yamai tun 1968. Amma ma'aikatansu ba za su iya shiga kowane zaure ba, kuma ko sun shiga, tsoho ba zai saki jiki da baƙo mai takarda kamar yadda zai saki da yaron da yake jan gemunsa ba.

Saboda haka kirana ga samari da 'yan mata ne, waɗanda Allah ya bar musu kaka da rai, na wajen uba ko na wajen uwa, namiji ko mace. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku sayi goro, ku tafi da hantsi lokacin da tsoho ya fi sakewa, ku fara da tsokanar da kuka saba, sa'an nan ku tambaye shi sunan ubansa da na kakansa da na matansu, da garin da aka fito, da sana'ar gidan, da dangin da suka tafi ba su komo ba. In ya maimaita labarin da kuka ji sau goma, ku bar shi ya ƙarasa, domin a maimaicin ne wani sunan yakan faɗo. Ku je wurin tsohuwa ku ji nata, gama mata sun fi riƙe lissafin aure da haihuwa da shayarwa, wanda shari'a ta gina haramcin aure a kansa. Ku rubuta abin da kuka ji yadda kuka ji shi, mai daɗi da marar daɗi, da boko ko da ajami, ku sa kwanan wata da sunan wanda ya faɗa, ku ba kowane reshe na gidan kwafi. Ku kuma iyaye, ku riƙa kai yara wurin kakanninsu su kwana biyu ba sai ran Salla ba, in kuka ji suna tsokanar tsoho kuma, ku ƙyale su.